Ƙarar da aka kashe da walda: yadda injin wani babban babur ya buga a hanyar Zariya

Babur ɗin ƙirar Japan ne, irin manyan nan masu sirdi ƙasa-ƙasa da mahayi ke zama ya miƙe ƙafafu gaba. Injinsa silinda biyu ne masu siffar V, ruwa ke sanyaya shi, kuma an ƙera shi ne a ƙarshen shekarun 1990 domin kasuwar Amurka. Dangin su Honda Shadow, Yamaha Virago, Suzuki Intruder da Kawasaki Vulcan ke nan, waɗanda a Kaduna ake haɗa su duka a kira su fawa-baik. Wani ma'aikaci mazaunin Malali ne ya saye shi a hannun mai shigo da gwanjon babura a Legas, aka ɗoro masa a mota. Bai cika shekara a hannunsa ba injin ya tsaya cik a hanyar Zariya, an wuce Jaji kaɗan, bawul biyu a lanƙwashe. Duk wanda ya ji labarin hukunci ɗaya yake yankewa, wai ajastar taimin cen, wato abin da ke matse sarƙar cikin inji, ita ce ta ci amana. Na ga injin a buɗe, na juya ajastar a hannuna, kuma ban yarda da wannan hukunci ba.

Aikin da ajasta ke yi

A irin wannan inji kamshaf yana sama cikin tof, wato kan silinda, shi ke danna bawul, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, su buɗe. Kuranshaf yana ƙasa, fistin ke juya shi. Sarƙa ce ke haɗa su, ita ce taimin cen, kuma lissafinta ba ya canzawa: kuranshaf ya zaga sau biyu, kamshaf ya zaga sau ɗaya. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kuranshaf na zagawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. Fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga a saman silinda, sai dai kowa da lokacinsa, kuma sarƙar nan ce kaɗai ke hana su yin karo.

Sarƙa tana ƙara tsawo da tsufa. Kowace gaɓa tana juyawa ne a kan ɗan fil, fil ɗin da raminsa suna cinyewa a hankali. A ce gaɓoɓi 100 ne, kowace ta ci milimita 0.05, abin da ido ba zai gani ba, sarƙar ta ƙaru da milimita 5 ke nan. Don haka aka sa mata damfa biyu, dogayen ƙarafa masu fuskar roba mai tauri. Ɗaya a kafe take ta ɓangaren da sarƙar ke jan nauyi, ɗayar tana motsi ta ɓangaren da ya saki. Ajasta ita ce ke tura wannan mai motsin. A babur ɗin da muke magana, ajastar ɗan gida ne na alminiyam da notina biyu ke riƙe shi a jikin silinda, a ciki akwai sanda mai haƙora, da sifirin da ke tura ta, da ɗan harshe da ke faɗawa tsakanin haƙoran. Sandar tana iya fita, ba ta iya komawa. Duk sanda sarƙa ta ɗan saki, sifirin ya tura, harshe ya kama haƙori na gaba. Tun da silinda biyu ne, kowace da kamshaf ɗinta, sarƙa biyu ce, ajasta ma biyu.

Aikinta ɗaya da na gwafar da ake tokare igiyar shanya da ita. Gwafa tana ɗaga igiyar da ta ɗan yi ciki, amma tsawonta yana da iyaka, kuma in igiya ta riga ta ruɓe, ƙara wa gwafa tsawo tsinka ta zai yi. Masu ƙera inji sun auna tsawon sandar ajasta daidai da iyakar cin da sarƙa za ta iya yi ba tare da hatsari ba. Ranar da sanda ta fito har haƙorin ƙarshe kuma ƙara ta dawo, ajastar ta gama nata aikin, sarƙar ce ta ƙare.

Yadda ƙarar ta fara

Ranar da babur ya iso, mitarsa na nuna kusan 40,000. Mai shi ya ɗauka kilomita ne. Babura da aka yi wa kasuwar Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, wato abin ya haura kilomita 60,000 tun kafin ya taka ƙasar nan. Babu wata takardar da ta biyo shi mai nuna yaushe aka juye masa mai ko aka taɓa buɗe shi. Fenti yana ƙyalli, salansa tana rugugi mai daɗi, kuma salansar nan mai ƙara ita ta rufe duk wani ƙaramin motsi na cikin inji a ranar ciniki.

Da hunturu aka fara ji. In an tayar da shi da sassafe sai wata kacau-kacau ta taso daga silindar gaba, bayan minti ɗaya ko biyu ta lafa. Akwai dalilin da ya sa sanyin safiya ke tona asirin sarƙa. Mai ya tsiyaye ƙasa cikin dare, wanda ya rage ya yi kauri, inji kuma yana silo ba daidai ba. Sannan kamshaf ba ya juyawa sumul: yana turjewa sa'ad da yake danne sifirin bawul, da zarar ya wuce ƙololuwa kuma sifirin ya hankaɗa shi gaba. Wannan ja da saki shi ke kaɗa sarƙar da ta yi sako-sako ta riƙa dukan damfa. Daga baya ƙarar ta daina jiran safiya. Duk sanda ya saki totur, misali yana gangarowa daga gadar Kawo, sai ta fito.

Ya kai shi wurin wani bakanike da ke kusa da unguwarsu. Ina so a yi wa mutumin nan adalci, don ba ɗan koyo ba ne. Ya iya Boxer da TVS, ya iya keke Napep, wanda ya cika titunan Kaduna tun bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni a 2014. Waɗannan ma suna da taimin cen, amma tasu sarƙa ɗaya ce gajeriya mai araha, ana samun ta a kowane shagon kayan babur, a sauya ta kafin la'asar. Babban babur mai silinda biyu kuwa sai a yi wata da watanni bai shigo garejinsa ba.

Ya saurara ya ce, "Yallabai, tafet ne, yanzu za a saita." Ya saita tafet, wato 'yan ƙarafan da ke danna kan bawul, ya juye mai, ya zuba na mota mai kauri. Ƙarar ta ragu, domin mai mai kauri yana danne ƙara. A nan aka fara ɓata hanya, don kunne na iya raba ƙararrakin biyu. Ta tafet siririya ce, a jere take, tana bin juyin inji daki-daki, kuma daga saman murfin tof take fitowa. Ta sarƙa a hargitse take, tana zuwa tana ɗaukewa, kuma in ka kafa bakin sukundireba a gefen silinda inda sarƙar ke bi, ka kara kunne a ƙotarsa, a nan za ka ji ta fi ƙarfi. Man motar kuma ya kawo tasa matsalar. A waɗannan babura mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci, shi ya sa Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA domin man babur. Wasu man mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa, kuma haka ya fara yi.

Da ƙarar ta dawo, bakaniken ya gane cewa daga sarƙa take. Sai ya yi wata dabara da yawancin masu gyara suka sani. Ya sassauta notina biyun da ke riƙe da ajasta, bai cire su ba, gidan ya ɗan ja baya, aka ji ƙas, ya mayar ya ɗaure. Nan take inji ya yi tsit. Abin da ya faru a ciki shi ne, da gidan ya ja baya, sifirin ya sami sarari ya tura sanda gaba, harshe ya kama, sannan da aka ɗaure notina sai ƙarfin sufana ya danna sandar a kan damfa. Matsin da sifirin ya kamata ya ƙayyade ya koma hannun mutum. Littattafan gyara na kamfanonin Japan suna gargaɗi a kan wannan ƙarara: irin wannan ajasta ba a sassauta ta rabi a mayar, in an taɓa ta sai an cire ta gaba ɗaya, an mayar da sanda ciki, sannan a ɗaura. A wannan karon dabarar ta cinye haƙoran da suka rage wa sandar.

Bayan 'yan makonni kacau-kacau ta sake dawowa. Ya cire ajastar, ya tarar sanda ta fito har ƙarshe. Wannan ce ranar da ya kamata a ajiye babur a nemi sarƙa. Mai babur ya ce, "Oga, yanzu meye mafita? Ranar Asabar muna da fita." Bakaniken ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya kai sandar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, aka ɗora mata guntun ƙarfe a baki da walda. Mai waldar abin da aka ce ya yi shi ya yi, ba a gaya masa milimita nawa ake so ba, don wanda ya kawo aikin ma bai auna ba. Aka mayar, aka ɗaure da ƙyar. Kacau-kacau ta ɓace, wani siririn kuka ya maye gurbinta, yana tashi yana sauka da totur. Kukan sarƙar da aka shaƙe ne, amma duka su biyun suka ɗauke shi alamar lafiya.

Ya yi tafiye-tafiye a haka. Ranar da abin ya faru ya wuce wata tirela da gudu, ya hangi rami, ya saki totur gaba ɗaya. Ya ji wani ƙas mai ƙarfi, salansa ta yi harbi, inji ya koma silinda ɗaya, ya mutu. Allah ya sa ya kama kuloci, tayar baya ba ta ƙulle ba, ya gangara gefe lafiya. A gefen titin ya yi ta danna sitata, kowace dannawa fistin na ƙara dukan bawul ɗin da ya riga ya lanƙwashe. Da a-kori-kura aka dawo da babur ɗin gari.

Abin da aka tarar

Wannan karon wurin wani dattijon bakanike aka kai shi a Tudun Wada, wanda ya yi aiki a masana'antun Kakuri zamanin da suke ci, kowa Baba yake ce masa. Bai yarda a tayar da injin ba. Ya cire fulogi duka, ya sa sufana ya juya kuranshaf da hannu a hankali, yaronsa ya toshe ramin fulogi da yatsa. Silindar baya tana ture yatsa, ta gaba ko iska babu. Ya buɗe murfin tof, ya tarar tafet ɗin bawul biyu na fitar da hayaƙi suna lilo, saboda bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa. Ya kawo alamar T ta jikin fulayiwil, faifan da ke bakin kuranshaf, daidai da tsagarta, wato fistin ya kai ƙololuwa, sai ga alamar kamshaf ta kauce da haƙori uku.

Haƙori uku ba ƙaramin abu ba ne. A ce haƙoran da ke kan kamshaf 36 ne, kowane ɗaya digiri 10 ne na kamshaf, wato digiri 20 na kuranshaf. Haƙori ɗaya kan bar inji yana tafiya ba ƙarfi. Uku sun kai digiri 60. Sarƙar da ta tsallake ta bar kamshaf a baya, bawul ɗin hayaƙi ya makara wajen rufewa, fistin ya taso ya iske shi a hanya. Shi ya sa su ne suka lanƙwashe, na shan mai suka tsira, kuma an ga shatarsu biyu a kan fistin.

Da aka sauke inji aka fito da sauran. Damfa mai motsi sarƙa ta haƙa mata rami har ta cinye robar ta kai ƙarfe, a bayanta kuma bakin waldar, wanda ba a goge ya yi sumul ba, ya ci wani gurbi har ta tsage a wurin. Tsagewar nan ce ta saki sarƙar lokaci guda. Kamshaf ɗin waɗannan injina ba shi da boris, a kan alminiyam ɗin tof yake kwance kai tsaye, ɗan siririn mai ne kawai tsakaninsu. Sarƙar da aka shaƙe ta riƙa jan bakinsa ƙasa, ta matse man, sai ga mazauninsa ta wajen haƙora ya yi zane-zane har ya canza launi. Wannan ɓarna ce ta fi bawul tsada, don bawul ana sauya shi, mazaunin kamshaf kuwa jikin tof ne. Rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta cika da ɓarɓashin baƙar roba. Man da aka juye yana warin fetur, alamar kafireta tana zubarwa cikin silinda in babur ya daɗe a ajiye. Matatar iska ta yage tun tuni an cusa soson katifa a madadinta, ƙurar hunturu ta yi ta wucewa, ƙura kuwa in ta shiga mai ita ke goge fil ɗin sarƙa.

Sannan Baba ya yi abin da ba a yi ba tun farko. Ya miƙe sarƙar a kan benci, ya ja ta da ƙarfi, ya auna tsawon gaɓa 20 da ma'aunin milimita, a wurare daban-daban don ci ba ya zama daidai ko'ina. A injinan Japan da dama tazarar gaɓa milimita 6.35 ce, gaɓa 20 na sabuwa milimita 127 ke nan, kuma iyakar da littafi ya yarda da ita 128.9. Tsakanin sabuwa da matacciya bai kai milimita 2 ba. Tamu ta wuce 129 a duk inda aka auna. Ya miƙa wa mai babur ma'aunin ya ce, "Yallabai, duba da idonka. Wannan ta mutu tun kafin a kai ta walda."

Ajastar fa? Na danna sandarta da babban yatsa iya ƙarfina, ba ta koma ba. Haƙoranta da kaifinsu, harshe yana kamawa, sifirin bai karye ba kuma bai kwanta ba. Ban da guntun ƙarfen da aka liƙa mata, babu abin da ya same ta.

Ina laifin yake

Ba na cewa ajasta ba ta lalacewa da kanta. Tana yi. Mai haƙora, haƙoranta kan goge ko harshe ya daina kamawa, sanda ta riƙa komawa in sarƙa ta buge ta. Akwai mai sukuru a ciki wadda sifirin mai naɗi ke murzawa, ita kuma sifirin ne ke gajiya. Akwai wadda ƙarfin mai ke turawa, wadda ba ta jure dattin mai ko raunin famfo. Duk waɗannan ana gane su a kan benci cikin minti biyar, kuma in ajasta ce ta mutu alhali sarƙa na cikin iyaka, sauya ta kaɗai ya wadatar. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke mata hukunci ba a gwada ta ba, ba a kuma auna sarƙa ba. Ita ce a waje, notina biyu ne kawai, ita hannu ke kaiwa. Sarƙa kuwa sai an sauke inji.

Labarin da ya fi shahara a duniyar manyan babura kan wannan batu daga Amurka yake, kuma yana da kyau mai sayen gwanjo ya san shi don yanayinsa daban ne. A samfurin 1999 Harley-Davidson ta fito da injin Twin Cam 88, mai cc 1,450, ya gaji injin Evolution wanda haƙoran giya ke juya kamshaf ɗinsa. A sabon, kamshaf biyu ne a ƙasa cikin akwatin inji, gajerun sarƙoƙi biyu ke juya su, ɗaya a waje ɗaya a bayan faranti, kowace da takalmin roba da sifirin mai ƙarfi ke dannawa. Sarƙar kan cinye takalmin, kuma sau da yawa ba tare da wata ƙara ba, har ɓarɓashi ya shiga famfon mai da ke nan kusa. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a buɗe a duba, in ya cinye rabin kaurinsa a sauya, kuma na cikin sai da ɗan madubi ake ganinsa. Kamfanin ya koma ajasta mai aiki da ƙarfin mai da wata irin sarƙa a samfurin Dyna na 2006, sauran kuma a 2007, sannan injin Milwaukee-Eight na 2017 ya koma kamshaf ɗaya. Wanda ya sayi ƙirar 1999 zuwa 2006 kada ya jira ƙara, ya sa a buɗe. A can takalmin ne ke ƙarewa shiru. A namu na Malali injin ya yi wata da watanni yana faɗa, aka rufe masa baki sau uku.

Ko dabarar ƙara wa sanda tsawo ba a Panteka aka fara ta ba. A ƙasashen waje ana sayar da 'yan hulunan ƙarfe da ake sa wa bakin sandar wasu injina. Bambancin shi ne an yanka su da awo, bakinsu sumul, ana sa su ne bayan an mayar da sanda baya don sifirin ya ci gaba da ƙayyade matsi, kuma sai an tabbatar sarƙa ba ta wuce iyaka ba. A nan babu ko ɗaya cikin huɗun.

A ganina kaso mafi girma na bakaniken farko ne, daga ranar da ya ga sanda ta ƙare ya zaɓi walda. Kuskuren tafet kowa na iya yi. Amma wanda ya ga ajasta ta kai ƙarshe ya san abin da ya gani, kuma haƙƙin mai kaya ne a gaya masa gaskiya ko da za ta hana shi fitar Asabar. Mai babur ma yana da nasa: ya yi gaggawa, ya ɗauki shiru a matsayin gyara, ya hau babbar hanya da sabon kukan da bai tambayi dalilinsa ba. A ƙarƙashin duka kuma akwai mai da ƙura. Tun tsakiyar shekarun 1970 Honda ta fito da CG125 da kamshaf a ƙasa, ba sarƙa, sanduna ke tura bawul, bayan ta lura cewa a ƙasashe masu tasowa ba a juye mai a kan lokaci kuma injina masu kamshaf a sama ba sa jure hakan. Babur ɗin da aka ƙera wa titunan Amurka ba a yi masa wannan rangwame ba, ga shi ya zo garin da ake shan ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin Maris da Afrilu ya biyo baya.

Gyaran

An zaga Ori Apata, inda ake sayar da kayan gyara a Kaduna, ba a sami komai na wannan samfuri ba. Shawara ta rabu biyu, ko a sayo gwanjon inji sukutum daga kasuwar Ladipo ta Legas, ko a gyara wannan. Baba ya ƙi na farko, hujjarsa ita ce injin gwanjo da tasa tsohuwar sarƙar zai zo, a sake komawa gidan jiya. Aka sayo tof kaɗai da kamshaf ɗinsa daga Legas, bayan an turo hoton mazaunin. Sarƙa biyu, damfa huɗu, ajasta biyu da gasket kuwa sababbi aka yi oda daga waje, suka ɗauki makonni, kuma da yadda canji ya koma tun 2023 kuɗin ya ciji mai babur sosai. Ya so a bar silindar baya tun da ba ta yi ƙara ba. Da aka cire ajastarta aka ga saura haƙori biyu, sarƙarta kuma tana dab da iyaka, sai ya yi shiru. Fistin an duba shi, shatar ba ta yi zurfi ba, ringi suna motsi a gurbinsu, aka bar shi. Aka wanke rariya da hanyoyin mai, aka gyara kafireta, aka sa matatar iska ta gaske.

Wajen haɗawa akwai wuri biyu da ake faɗawa rami. Na farko saita silinda ta biyu. Ba lokaci ɗaya suke tashi ba, kuma tazarar ba rabi da rabi ba ce. A injin da kusurwarsa digiri 45 ce kuma sandunan fistin biyu na kan fil ɗaya, tazarar tashi digiri 315 ce da 405. Kowace silinda da alamarta a fulayiwil, kuma bayan an saita ta farko sai an juya kuranshaf adadin da littafi ya faɗa, ta fuskar da inji ke juyawa, kafin a ɗora kamshaf na biyu. Wanda ya saba da silinda ɗaya yana iya daidaita alamomi duka su yi kyau a ido, alhali ya sa ta biyun a zagayen da ba nata ba. Na biyu ɗaura ajasta: a ɗaga harshe a mayar da sanda ciki, a ɗaure gidan tsaf, sannan a sa sifirin da murfinsa, a ji tana ƙas-ƙas tana fita da kanta. Baba ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ya sake duba alamomi, ya ƙara biyu, kafin ya bari a haɗa batir. Aka zuba man babur mai JASO MA, aka kuma juye shi da wuri bayan ɗan gajeren amfani don ya kwashe ragowar ɓarɓashi.

Abu ɗaya muka saɓa da Baba a kai, har yanzu kuma kowa na kan bakansa. Shi ya fi son a sa ajastar hannu, wato faranti da dogon noti da ake murzawa a kulle da wani notin. Masu injin tona, wato injin sassaƙa ƙarfe, a Panteka za su yanka ta da kyau in an ba su awo, ba ta da sifirin da zai gaji ko harshen da zai zame, kuma masu tseren babur suna amfani da ita. Duk wannan gaskiya ne, kuma a hannunsa za ta yi lafiya, don ya san ana murza ta ne da yatsa har ta taɓa, a ɗan ja baya, a kulle. Amma babur ba a garejin Baba zai ƙare rayuwarsa ba. Wata rana zai yi ƙara a Kafanchan ko a Funtuwa, wani ya ga noti a waje ya ɗauko sufana. Ajastar hannu ba ta da iyaka, za ta bi sarƙa har inda ta mutu ba tare da ta nuna komai ba, kuma matsinta kullum a hannun mutum yake, abin da ya kashe tof ɗin farko ke nan. Mai babur ya saurari mu biyun, ya zaɓi ta kamfani. Baba ya ɗaura masa, da sharaɗin duk juyen mai na biyu zai kawo a cire ta gaba ɗaya a ƙirga haƙoran da suka rage, a rubuta a littafin gareji.